Layin da Babu Gyara

Kafin mu yi nisa, ku yi min afuwa in kun ci karo da kuskure a rubutun yau. Wanda ya saba tace min rubutu ya ajiye bironsa, kuma ni na jawo. Da babban yatsana nake buga wannan a waya, ina zaune a kan tabarma a baranda, don ko kallon teburin rubutuna ba na iya yi. Ku da kuke turo min saƙo kullum, "Anti, ina sabon littafin da kika yi mana alkawari?" to yau ga amsarku. Ba mai daɗi ba ce, kuma aurena ma yana rataye a jikinta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, aikina tattara bayanai ne. Wani kamfani ne yake ɗaukarmu na wata uku ko huɗu, a ba mu riga mai tambari da ƙaramar kwamfutar hannu, mu yi ta bin asibitoci muna yi wa mata tambayoyi har ƙafa ta kumbura. In aikin ya ƙare a sallame mu, mu zauna jiran wani. Littafina na farko a mota na rubuta shi, da kan bencin asibiti, da bayan takardun da suka lalace. Duk wanda ya san ni ya san waƙata: da zan samu ɗaki da shiru da lokaci, da duniya ta ga rubutu. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa ƙawaye, na faɗa muku ku ma. Baki dai shi ke yanka wuya.

Wancan littafin ne ya haɗa ni da shi, wato wanda zan aura. A wani shagon buga takardu yake aiki, ni kuma da hannu nake rubutu, sai na kai masa tarkacena a leda ya buga min. Bayan kwana uku ya dawo min da su sun yi jajir, ko'ina da'ira da alamar tambaya. Na ji haushi na ce bugu na kawo, ba makaranta na zo ba. Ya ce to, amma jarumata ta mutu a shafi na arba'in ta kuma sha shayi a shafi na hamsin, in haka nake so ya buga a haka. A ranar na sa masa suna Jan Biro a wayata, har yau ban canza ba.

Bana aka samu tazarar kwana arba'in tsakanin aikin da muka gama da wanda za mu fara. Baffa, yayan marigayi babanmu, ya ce ai shi ke nan, a cikin kwanakin nan za a yi auren kowa ya huta. Ni kuwa da na ji kwana arba'in, ba aure na hango ba, littafi na hango. Na kwana biyu ina zagaye Mama kamar kazar da za ta yi ƙwai, sannan na fito da maganar: a ɗaga auren zuwa bayan aiki na gaba, wata huɗu ke nan, ni kuma in rubuta littafina a wannan tazarar. Na ce in na shiga gidan miji na koma aiki, ban san ranar da zan sake samun irinta ba.

Baffa ya yi faɗa a waya har sai da Mama ta janye ta daga kunnenta. Ya ce tunda yake bai taɓa jin an ɗaga aure saboda tatsuniya ba, kuma me zai ce wa mutanen da ya riga ya ba magana. Mama, wadda ban taɓa jin ta musa masa ko da wasa ba, ta bari ya gama sannan ta ce, "Yaya, yarinyar nan tun rasuwar ubanta take ɗauke da gidan nan, ba ta taɓa roƙona komai ba. Kwana arba'in ta roƙa. Ni na tsaya mata."

Shi kuwa Jan Biro, da na tura masa dogon saƙo mai cike da ban haƙuri, layi biyu ya maido min: "Wata huɗu ba shekara huɗu ba ce. Ki rubuta, duk Asabar zan zo in karɓi abin da ya samu." Na karanta ya fi sau goma. Na ce a raina, kai, ni dai na yi dace.

Gidanmu ɗaki uku ne. Na ƙarshen shi ne ɗakin ɗinkin Mama, inda kekenta yake tun ina firamare. Ranar Lahadi ta sa muka ciccibo keken zuwa baranda, da buhunan ƙyallaye, da madubin da masu ɗinki suke gwaji a gabansa. Ta share ɗakin ta goge, ta rataya sabon labule ruwan toka da ta ɗinka da ragowar yadi, ta sa min teburin yankanta a gaban taga. Jan Biro ya aiko da littattafan rubutu uku masu kauri da biro baƙi guda shida. Ran Litinin na yi wanka da sassafe, na sa doguwar riga marar nauyi, na ɗaura ɗankwali, har turare na fesa kamar mai zuwa ganawa. Na zauna, na buɗe shafin farko, na rubuta kwanan wata a sama.

Jama'a, kwanan watan nan shi kaɗai na rubuta.

Ban san shiru yana da nauyi ba sai a ɗakin nan. Na jera biro bisa tsayi, alhali duk tsayinsu ɗaya. Na goge gilasan taga ɗaya bayan ɗaya. Na canza wa jarumata suna sau goma sha ɗaya ba tare da ta yi ko tari ba. Na ce bari in leƙa waya minti biyar in ga me kuke cewa a kan tsohon littafina, sai ga ni bayan awa biyu ina kallon wata mata tana jera kaya a firjinta. Bayan azahar barci ya kwashe ni a kan littafin, na tashi da shatin zoben takarda a kumatu. Na ce ranar farko ce, gobe hannu zai sake. Goben ta zo ta wuce, jibi ma haka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Mama. Keken nata na ƙafa ne, mai ƙara. Da ta ji na yi shiru da yawa sai ta tsayar da shi, a zatonta ina cikin tunani mai zurfi, ta koma ɗinkin hannu. Masu kawo ɗinki kuwa tun daga ƙofa take tarbarsu da yatsa a leɓe, ina jin ta tana raɗa, "A hankali, tana rubutu." Shayi ma a bakin ƙofa take ajiye min, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta wuce. Ni kuma ina ciki ina ƙirga layukan silin.

Ran Juma'a hankalina ya tashi, don gobe Asabar. Ina neman abin da zan yi da hannuna sai na jawo tsohuwar akwatina daga ƙarƙashin gado, wai zan gyara. A can ƙasa na tarar da wani littafin makaranta mai koren bango, wanda na cika ina 'yar shekara goma sha tara. Labari ne, amma da ni da Allah mun san ba ƙirƙira ba ce. Wani malami ne da ya yi mana darasin yamma lokacin da muke shirin jarrabawa, mai tabo a girar hagu, mai naɗe hannun riga sau biyu kafin ya ɗauki alli. Bai taɓa sanin ina yi ba. Ya gama ya tafi, na ji ya yi aure, ni kuma na zuba duk haukata a cikin littafin nan na rufe, na manta da shi da mai tabon gaba ɗaya.

Na karanta a tsaye. Yarinta ce zalla, amma akwai wuta a ciki, irin wadda na kwana biyar ina nema. Sai wata zuciya ta ce min, ai naki ne, ba sata ba ce, ki ba shi wannan ya riƙe kafin na gaskiyar ya zo. Na zauna na kwafe shafi goma sha biyu cikin sabon littafi da kyakkyawan rubutu. Mama da ta ji ƙarar juya takarda, ranar ko sau ɗaya ba ta taka keke ba.

Asabar ya zo bayan la'asar, muka zauna a falo kamar kullum. Na miƙa masa ina murmushin da ban san inda na aro shi ba. Ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, ya koma na farko. Ya ɗago ya dube ni kamar zai yi magana, sai kuma ya ninke ya sa a jaka, ya ce Allah ya ƙara basira. Na sauke ajiyar zuciya. Na yi wa kaina alkawari ran Litinin zan fara na gaskiya.

Kun san yadda ƙarya take, in ta haihu sai ta yi jika. Asabar ta biyu shafi goma sha biyar na ba shi, ta uku ashirin, ta huɗu goma sha takwas. Na ƙware har ina raba kwafen kwana-kwana don Mama ta riƙa jin motsin biro. Ta fara yi wa masu ɗinki alfahari, wai 'yarta ta kusa cika littafi na biyu. Wata Laraba aka yi ruwa da iska, feshin ya shigo baranda ya jiƙa yadin wata amarya. Ta taga na hango Mama tana kwasar kaya ita kaɗai, bayanta a sunkuye, zaninta sharkaf, ba ta kira ni ba don kar ta katse min tunani. Na fito da gudu ta kore ni, ta ce in koma kar abin ya gudu daga kaina. Na koma na zauna a gaban koren littafin nan na yi kuka, sannan na share hawaye na ci gaba da kwafa. Wannan ne abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Saƙonnin Jan Biro kuwa sai gajarta suke. Da can in ya karɓi rubutuna, kafin in kwanta wayata ta cika da hotunan shafuka masu jan zane: nan kin yi sauri, nan wa yake magana, wannan ya ba ni dariya. Yanzu sai "Na karɓa," bayan kwana biyu kuma "Na buga." Na tambaye shi ko lafiya, ya ce aiki ne ya yi yawa a shago. Na yarda, don yarda ta fi min sauƙi.

Shekaranjiya ce Asabar ta biyar, kwana na talatin da huɗu. Na sa rigar da ya taɓa cewa tana min kyau, shuɗiya mai ƙananan furanni, na yafa farin mayafi, na shirya shafi goma sha shida. Ya shigo da babbar ambulan a hannu, ya gaishe da Mama a baranda, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga. Na miƙa masa shafukan. Bai karɓa ba.

Ya buɗe ambulan ɗin ya fito da takardu kashi biyu, ya shimfiɗa a kan teburin falo. Na dama na gane su nan take, sababbin da nake ba shi ne. Na hagun sai da na ƙura ido: tarkacen littafina na farko ne, bayan takardun asibiti da yagaggun shafuka, ashe bai taɓa zubarwa ba. Ko'ina a soke, kibiya ta tashi daga ƙasa ta haura sama, an rubuta kalma an kashe an sake rubutawa an sake kashewa, wani wurin har biro ya huda takarda.

"Dubi nan," ya ce a hankali, "ki dubi nan kuma."

Na duba. Sababbin fes suke, layi bayan layi, ko ɗigo ban soke ba.

"Shekarata tara ina buga rubutun mutane. Wanda yake tunani yana rubutu, takardarsa datti take yi. Shafi sittin da biyar babu gyara ko ɗaya, wannan kwafa ce. Tun Asabar ta farko na gani."

Na ce, "Wallahi ban saci rubutun kowa ba."

Ya ce ya sani. Ya ce da farko abin da ya tsorata ke nan, har ya yi mako biyu yana ɗaukar jimlolina yana nema a waya, yana addu'ar kar ya samu. Bai samu ba. Sannan ya lura a labarin wayar jarumar mai maɓalli ce, kuma tana rubuta wasu kalmomi yadda 'yan makaranta suke yi, sai ya gane nawa ne, tsoho ne kawai. Ya yi ɗan murmushin da gara a ce faɗa ya yi.

"Da na gane, na ɗauka zan ji sanyi. Sai na ga gara ma a ce satar kika yi."

"Yarinta ce," na ce. "Ko fuskarsa ba na tunawa."

"Ni ina tunawa. Ni na buga shi, har tabon girarsa." Ya tattara sababbin shafukan ya daidaita gefensu kamar yadda yake yi a shago. "Ba kishin mutumin nake ba. Kin taɓa cika littafi guda saboda wani da bai ma san kina yi ba. Ni na ba ki wata huɗu na rayuwata, kika kasa ba ni gaskiya ta layi ɗaya. Da kin ce min kin kasa, da kujera zan jawo mu zauna mu kasa tare."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya miƙe ya ce Baffa ya kira shi yana tambaya ko a tsayar da sabuwar ranar, shi kuma ya roƙi a ba shi zuwa Juma'a. Ya bar min tsofaffin takardun nan masu datti a kan tebur, ya yi wa Mama sallama ya fita.

Sai a lokacin na lura da shirun. Keken Mama a tsaye yake. Ta tsayar da shi tun shigowarsa, kamar yadda ta saba, don kar ƙara ta dame mu in muna maganar littafi. Tagar falo kuwa a kan baranda take buɗewa.

Na tashi na fita wurin Mama. Na same ta zaune da riga a cinya, allura a hannu, ba ta ɗinki. Sai ranar na ga yadda rana ta ƙona mata wuya a wata gudan nan. Na durƙusa na ce, "Mama, ki bari in mayar miki da keken ɗaki."

Ba ta dube ni ba. "Bar shi a nan. Kwana arba'in na ce wa Baffanki, ban saba tauna magana biyu ba." Ta soka allurar a ƙyalle. "Da kin faɗa min, 'yar nan, da ko keken na riƙa takawa."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na shiga ɗaki na ɗauko koren littafin na mayar ƙasan akwati, na zauna a bakin gado har aka kira magariba.

Jiya da safe na kasa shiga ɗakin rubutun. Na ɗauko littafi da biro na shimfiɗa tabarma a baranda, dab da ƙafar keken, na ce Mama don Allah ta yi aikinta kamar ba na nan. Ta harare ni, ta taka. Wata mata ta zo rigima a kan hannun riga, mai gyaran famfon maƙwabta yana ta buga ƙarfe, zare yana faɗo min a kan takarda. A cikin wannan hayaniyar, da littafi a kan gwiwa kamar a bencin asibiti, hannuna ya sake. Ashe ni ba 'yar shiru ba ce, shekara uku ina roƙon abin da ba zai amfane ni ba.

Ba labari na rubuta ba, shi na rubuta wa. Shafi uku, tun daga ranar da jarumata ta mutu ta sha shayi har zuwa shekaranjiya. Na soke, na sake, na ja kibiya, na huda takarda wuri biyu, hawaye ya ɓata wani layin. Ban taɓa yin rubutu mai muni irinsa ba. Na ɗauki hoton shafukan a yadda suke na tura masa ba tare da ko sallama ba. Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Har na kwanta babu amsa.

Ɗazu da hantsi, ina tsakiyar buga muku wannan, wayar ta yi ƙara. Hoto ne. Ya fitar da shafina na uku a takarda, kuma a karon farko cikin mako biyar na ga jan biro. Wuri ɗaya tak ya zagaye, can ƙasa, inda na rubuta cewa shi nake so, kuma ko bai tsayar da ranar ba shi ɗin ne dai. Sai yanzu na lura duk shafin a nan ne kaɗai ban soke komai ba. A gefe, da ƙaramin rubutunsa, ya sa:

"Layin nan babu gyara ko ɗaya. Daga ina kika kwafo shi?"

Na rubuta amsa sau bakwai ina gogewa. Juma'a saura kwana huɗu. Mama ta ga yadda na riƙe wayar, ta ɗage ƙafarta daga keke, ta ce in karanta mata abin da ya ce.